Rabin Kasuwar Durumi

Koki, Kano
6 ga Yuni, 1999

Yaya Mikail,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti Jamila da yara. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi. Baba lafiyarsa ƙalau in ban da idon. Yanar nan ta rufe na hagu gaba ɗaya, na daman ma dishi-dishi yake gani. Sai an zura masa zare a allura, amma ko sau ɗaya bai fasa fita kasuwa ba. In na taso daga koyarwa nakan biya ta rumfarsa kafin in wuce gidana Yakasai.

Ka dai ji soja sun koma bariki. An yi murna a nan, har da masu rabon alawa a ƙofar makarantarmu. To, murnar ba ta daɗe mana ba.

A makon da aka rantsar da sabuwar gwamnati wasu mutane suka shigo Kasuwar Durumi da igiyar awo, suka yi ta gwaje-gwaje tun daga rumfar Baba har bakin rijiya, ba su ce wa kowa uffan ba. Washegari sai ga Alhaji Nata'ala ɗan kwangila, wanda ya taso a bayan layinmu, da zanen wani dogon bene mai gilasai. Ya ce an ba shi filin kasuwar, zai rushe rumfunan ƙasa ya gina shaguna na zamani. Ya zo da takardar yarjejeniya. Duk wanda ya sa hannu, in ji shi, za a ba shi shago in an gama gini, kafin nan kuma ya koma wani fili can bayan gari.

Yaya, ka san kasuwar nan. Kakanmu ne ya ɗora azarar rumfarmu da hannunsa. Masu ɗinkin riga, masu hula, 'yan turare, 'yan koli, kowa a inda ubansa ya zauna. Babu amaryar da aka kai ɗaki a Koki ba a sayi wani abu nata a gindin durumin nan ba. Wa zai bi tsoho mai allura hawa na uku?

Yanzu kasuwa ta rabu. Matasa sun ga zanen, idonsu ya rufe. Baba Gambo mai turare, maƙwabcin rumfar Baba, ya tara waɗanda suka ƙi, sun yi ƙungiya, suna neman kowa ya shigo. Amma yawancin mutane ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Baba suke kallo, don shi ne babba a kasuwar. Cewa suke game da shi, inda Malam Ɗantani ya taka, nan za su taka.

Shi kuwa ya ce, "Rubuta wa Mikail. Shi ya yi boko mai zurfi, ya san yadda irin waɗannan abubuwa suke tafiya. Abin da ya ce shi zan yi."

Don Allah ka amsa da wuri. Maigidana Malam Bashir yana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Bahijja


Fatakwal
21 ga Yuni, 1999

Bahijja,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaida kakansu. Takardarki ta iske ni ina haɗa kaya. Gobe jirgi zai kwashe mu zuwa wurin aikinmu na cikin teku, kuma wannan karon za mu daɗe, don haka ki yi haƙuri da gajeriyar amsa.

Maganar idon Baba ta fi damuna. Kada a tsaya ga tozali da rubutu kawai, ku kai shi asibitin ido a duba. An ce yanzu aikin yana ba shi da wuya.

Game da kasuwa, ki gaya wa Baba zamani ya canja. Yanzu mulkin farar hula ne, ba a tafiyar da al'amura irin na da. Ya sa hannu tare da sauran mutane, kada a ce shi ne ya ware. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In na dawo zan rubuto a tsanake.

Ki gaida Malam Bashir.

Yayanki,
Mikail


Koki, Kano
10 ga Yuli, 1999

Yaya Mikail,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya a inda kake. Mu ma lafiya lau. An kai Baba asibitin, sun ce za a iya aikin in damina ta wuce.

An yi yadda ka ce.

A zaure na karanta masa takardarka. Ya sa na maimaita wajen maganar kasuwa. Ya daɗe yana murza carbi, can ya ce, "Haka ya ce?" Na ce, "Haka ya ce, Baba." Ya ce, "To. Shi ya ga duniya, ni rumfa kawai na gani."

Ranar Asabar ya aika a kira Alhaji Nata'ala. Mutumin da kansa ya zo, ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba. Ina tsaye a wurin. Tun da Baba ba ya ganin layin, Alhajin ne ya kama masa babban yatsa, ya tsoma a tawada, ya dangwala.

Baba Gambo yana rumfarsa yana ɗura turare a kwalba. Ya ajiye kwalbar ya taso. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗantani, yau kai ne?"

Baba ya ce, "Yaro ne ya ce zamani ya canja."

Baba Gambo ya ce, "Zamani bai taɓa kwana a rumfar nan yana tare ruwa da tabarma ba. Ni da kai muka yi."

Ya juya ya koma. Kafin la'asar an yi layi a gaban Alhaji Nata'ala. Mutanen da jiya suke rantsuwa ba za su tashi ba, yau suna cewa ai in Malam ya yarda, su wane ne su? Waɗanda suka rage wa Baba Gambo ba su cika tabarma biyu ba.

Tawadar ta ƙi fita daga yatsan Baba. Ya wanke da sabulu, ya goga da toka. Har yau in yana zaune sai ka ga yana murza yatsan a jikin rigarsa.

Yaya, ba na ja da kai, kai ne babba. Amma ban zaci haka daga gare ka ba. A ƙarƙashin durumin nan ka koyi tafiya. Na ɗauka ko da kowa zai ce a rushe, kai za ka ce a dakata. Wataƙila akwai abin da ka hango wanda mu ba mu hango ba. In akwai, ka rubuto mana shi, don Baba yana bukatar ya ji.

Ƙanwarka,
Bahijja


Koki, Kano
15 ga Agusta, 1999

Yaya Mikail,

Salamu alaikum. Shiru har yanzu. Ina fatan dai lafiya. Kullum sai Malam Bashir ya leƙa gidan waya, babu komai.

An zo an yi wa kowace rumfa alama da jan fenti. An ce da zarar ruwa ya ɗauke kowa ya kwashe kayansa. Na je na ga filin da za a mai da su. Ko bishiya ɗaya babu, kuma motar haya biyu za ka hau daga Ƙofar Wambai.

Ka san tun kafin a haife mu Baba da Baba Gambo kwano ɗaya suke cin abincin rana. Yanzu in an kai, Baba Gambo sai ya ce ya ƙoshi. Baba ma sai ya rufe kwanon, a dawo da shi gida yadda aka kai. Ya rame. Rigar da ya fara wa aiki tun kafin damina tana nan a ninke.

Ko layi biyu ne ka rubuto.

Bahijja


Fatakwal
3 ga Satumba, 1999

Bahijja,

Wa alaikumus salam. Jiya na sauko daga teku, lafiya lau, na tarar da takardunki biyu. A tsaye na karanta su, sai da na nemi wuri na zauna.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Me kuka yi? Ni ban ce Baba ya sa hannu a takardar Nata'ala ba! Cewa na yi ya sa hannu a tafiyar su Baba Gambo, ya shiga ƙungiyar, a haɗa ƙarfi. Da na ce zamani ya canja, nufina yanzu ba soja ba ne, ba wanda zai tashi mutane daga gadon kakanninsu da tsawa. Akwai kotu, akwai rediyo, akwai waɗanda kuka zaɓa. Jinkar da na ce hannu ɗaya ba ya ɗauka, wace jinka kika zata? Ke malamar makaranta ce, Bahijja. Ko da kalmar ta rikita ki, ai kin san ni. Ta yaya zan ce a rushe wurin da Inna take aikena in kai wa Baba fura? A bayan rumfar nan aka yi mini askin farko. Duk tsawon zamana a garin nan, in na rufe ido ina son ganin gida, ba soron gidanmu nake gani ba, layin 'yan hula nake gani da hantsi.

Ban iya cin abinci ba tun jiya.

Ga abin da za a yi, kuma zan rubuta shi dalla-dalla. Ki je wurin Ɗalha, abokina na sakandare, wanda yanzu lauya ne. Malam Bashir ya san ofishinsa. Na rubuta masa yau. Ki gaya masa Baba ba ya gani, kuma ba a karanta masa abin da ke cikin takardar ba kafin a dangwala yatsansa, in dai haka ne. A shigar da ƙara kafin ruwa ya ɗauke. Na nemi hutu an hana ni, wai sai ƙarshen shekara.

Ki gaya wa Baba gaskiyar abin da na nufa. Ki roƙar mini gafararsa.

Yayanki,
Mikail


Yakasai, Kano
22 ga Satumba, 1999

Yaya Mikail,

Assalamu alaikum. Mun gode Allah da ka sauko lafiya. Mu ma muna nan.

Na ɗauko takardarka ta farko na sake karantawa, na ba Malam Bashir ya karanta. Na ba ka labarin takardar yarjejeniya, ka amsa da cewa a sa hannu tare da mutane, kada a ware. Ko sunan Baba Gambo babu a ciki. Ka ba idon Baba layi uku, ka ba kasuwar kakanninmu layi huɗu, ka hau jirgi. Ni kuwa ni ce na tsaya ina kallo aka kama yatsan ubana. Ka ce na san ka. Yaushe rabonka da gida, Yaya? Mutumin da na sani ya tafi Fatakwal tun ina budurwa. Ba zan ƙara magana a kan wannan ba, zafin ya ishe ni haka.

Na gaya wa Baba. Na zaci zai yi faɗa. Sai kawai ya ce, "Ashe yaron bai sayar da ni ba." Ya share ido da hannun riga. Sannan ya ce in ɗauko masa sandarsa.

Ni na riƙe masa hannu har rumfar Baba Gambo. Bai shiga ba, a bakin rumfar ya tsaya, a tsakiyar hanya, inda kowa zai ji. Ya ce, "Jama'a, ni Ɗantani na yi kuskure, kuma na ja ku cikinsa. Yatsan nan na janye shi. Wanda ya bi ni ya shiga, ya biyo ni mu fita."

Wani daga cikin 'yan koli ya ce, "Malam, ai bakin alƙalami ya bushe. Ni har na sayar da katakon rumfata."

Baba Gambo ya matsa gefe a kan buzunsa, ya bar wuri. Baba ya lalaba ya zauna. Ranar sun ci abinci tare, ko da yake ban ji sun yi wata hira ba.

Mun ga Lauya Ɗalha. Mutumin kirki ne. Ya ce lallai rashin karanta wa Baba takardar hujja ce, amma sauran da idonsu biyu suka sa hannu, wannan kuma da wuya. Ya shigar da ƙara da sunan ƙungiya. Kusan rabin mutane sun dawo, sauran sun ce sun gaji da wasa da hankali. Baba Gambo ya je gidan rediyo ya yi magana. Washegari mata tsofaffi suka yi ta zuwa daga unguwanni, wasu ba su sayi komai ba, sun zo ne su zauna a gindin durumi su yi addu'a.

An sa ranar zaman kotu cikin watan gobe. Ruwa kuma ya fara ja baya. Ka taya mu addu'a.

Ƙanwarka,
Bahijja


Koki, Kano
2 ga Nuwamba, 1999

Yaya Mikail,

Assalamu alaikum. Na sami takardarka, na kuma ji haƙurin da ka ba ni. Ya wuce. Kowa lafiya, sai dai labarin ba daɗi.

An ɗaga zaman farko, wai lauyan Alhaji Nata'ala ba shi da lafiya. A zama na biyu alƙali ya ba da umarnin a dakatar da komai har a gama shari'a. Muka fito muna hamdala. Amma sai an buga umarnin an sa hatimi kafin a kai, kuma ranar Alhamis ce, aka ce sai Litinin.

Ranar Asabar da hantsi katafila ta shigo ta bakin rijiya.

Ina gida aka zo aka gaya mini. Ko mayafin kirki ban tsaya ɗauka ba. Kafin in isa layin 'yan koli ya zama tudun ƙasa. Mutane suna ta jan buhuna da akwatuna, wasu suna kuka, wasu suna zagi. Masu aikin suka ce su rumfunan waɗanda suka sa hannu kawai aka ce su taɓa. Amma ka san ginin kasuwar nan, bango ɗaya ne ya haɗa kowa. In ka ture na wannan, na wancan ya tafi.

Baba yana zaune a rumfarsa, ya ƙi tashi. Na roƙe shi, Malam Bashir ya roƙe shi. Ya ce, "A nan aka same ni." Dattawan layin hula da suka ga haka su ma suka koma suka zauna, kowa a bakin rumfarsa. Direban ya iso daf da su ya tsaya. Ya leƙo ya ce, "Baba, don girman Allah ka tashi, ni aiko ni aka yi." Baba ya ce, "Na sani, ɗana. Yi aikinka." Sai mutumin ya kashe injin ya sauko. A haka Lauya Ɗalha ya iso da 'yan sanda da kwafin umarnin, ban san yadda ya samo shi ba.

Rabin kasuwar ya tsira. Durumin yana nan, rumfarmu tana nan.

Ta Baba Gambo ba ta nan. Bangonta ya haɗu da na wani mai sayar da madubi da ya sa hannu. Ta rufta da kayan ciki, don shi ya rantse ba zai kwashe ko kwalba ɗaya ba. Kwana da kwanaki duk wanda ya bi ta wurin sai ya ji ƙamshi yana tashi daga cikin ƙasa. Mutumin da ya fara cewa a'a, shi ya rasa komai, mu da muka buɗe ƙofar muna zaune a inuwa.

Baba ya ce masa ya dawo su raba rumfarmu. Ya ce, "Na gode, Ɗantani. Amma ba zan iya zama ina kallon wurin ba." 'Yarsa Luba ta zo ta tafi da shi gidanta a Gwarzo.

Na tuna wa Baba maganar aikin ido. Ya ce a bari tukuna, babu abin da yake marmarin gani.

Ƙanwarka,
Bahijja


Koki, Kano
19 ga Disamba, 1999

Yaya Mikail,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Ina fatan kuna azumi lafiya. Saƙon da ka aiko ta hannun direba ya iso, an gode, Allah ya ƙara buɗi.

Ka tambayi halin da kasuwa take ciki. An kewaye ɓangaren da aka rushe da kwano, ba a gina komai ba, awaki ne suke kwana a ciki. Hanyar da ta bi ta bakin rijiya ta toshe, sai an zagaya ta lungu. Mutane da yawa sun ɗauka an tashi kasuwar gaba ɗaya. Bara war haka ba ka samun wurin taka ƙafa saboda masu ɗinkin Sallah. Jiya na zauna wurin Baba tun daga azahar har aka kusa shan ruwa, mutum biyu suka tsaya, ɗaya ma tambayar hanya ya yi. Waɗanda suka koma bayan gari su ma kuka suke, wasu sun bar sana'ar. An sake ɗaga shari'a sai bayan Sallah. Lauya Ɗalha ya ce muna da ƙarfi, amma irin wannan takan ɗauki shekaru.

Kowa yana ce mana barka, kun ceci kasuwa. Ina amsawa da amin.

Baba yana nan kusa da ni. Ya ce in rubuta maka wannan daga bakinsa:

"Mikail, ni ne mahaifinka. Ban riƙe ka da komai ba, kai ma kada ka riƙe 'yar'uwarka. Na ji an ce shari'a za ta ɗauki shekaru. Ku kuna da su, ni ban sani ba. Ina son in je Gwarzo in ga Gambo, kuma ba na son a kai ni kamar kaya, ina son ɗana ya kai ni. Ka zo Sallar nan. Kada ka rubuto amsa. Ka zo."

Haka ya faɗa, haka na rubuta. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Ƙanwarka,
Bahijja